Kaka Kuang da 'Yar Kan Katako

Duk wanda ya hau bas mai lamba tara a Nanchang kafin a kawo akwatin jefa kuɗi ya san muryar Kuang Yuelan, ko da bai riƙe fuskarta ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana kwandasta a layin nan, daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin kogi, jaka a wuya, tikiti a hannu, tana ture mutane da gwiwar hannu tana kiran sunan tasha. Mu mutanen garin nan da yarenmu muke magana, wanda in baƙo ya ji sai ya ɗauka faɗa muke yi. Amma kamfani ya kafa doka cewa da Mandarin za a riƙa kiran tasha, harshen rediyo da makaranta, don kada baƙo ya wuce inda zai sauka. Sauran matan suka yi ta kwaɓa shi yadda suka ga dama. Ita kuwa Yuelan wata shida ta yi tana bin bakin mai karanta labarai a rediyo, sai da harshenta ya miƙe sak. Abin taƙamarta ke nan a duniya.

Ta auri wani bakanike a masaƙa, mutum shiru-shiru, wanda har ya rasu bai taɓa cin ta a gardama ba. Ɗansu ɗaya, Lixin, injiniya ne a Shenzhen, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Da aka kawo akwatunan aka sallami kwandastoci, sai ta koma ɗakinta a hawa na uku na tsohon benen kamfani, ta ci gaba da faɗa da masu zubar da shara a matakala. Lokacin da wannan abu ya faru shekarunta sittin da shida, kowa kuma Kaka Kuang yake ce mata.

A farkon watan Yuli, lokacin da zafin garin nan ke narkar da kwalta, ta dawo daga kasuwa rungume da kankana, sai ga wata yarinya 'yar shekara goma tana saukowa a guje. Ta goge ta ta wuce, ko kallo babu.

"Ke!" Kaka Kuang ta daka mata tsawa. "'Yar gidan wane ce ke? Ɗinke miki baki aka yi? Kin ga babba da kaya, ba gaisuwa, ba kawo in riƙe miki?"

Yarinyar ta tsaya ta yi tsuru-tsuru da ido. Fuska irin tamu, gashi irin namu. Sai ga wata doguwar Baturiya ta sauko a bayanta, tana sunkuyar da kai don kada ta bugi bututun ruwa. Ta yi magana da Mandarin na littafi, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tafiya a kan ƙwai.

"Ki yi haƙuri, Inna. 'Yata ce. Ba ta jin Sinanci."

Kaka Kuang ta dubi uwar, ta dubi 'yar, ta gane. Kowa a lardin nan ya san jariran da aka yi ta tsinta a bakin kasuwa a shekarun da doka ta ce ɗa ɗaya tak, ya kuma san inda da yawansu suka tafi.

Sunan matar Annelies, daga Holan ta zo. Wata kwaleji ce ta ɗauke ta koyar da Turanci na shekara biyu, ta kama mata ɗaki a hawa na huɗu. Unguwa ta gajarce sunan zuwa Malama An. Yarinyar kuwa Femke ake ce mata, abin da Kaka Kuang ta ce ba suna ba ne, tari ne. Ta tambayi abin da ke rubuce a takardar gidan marayu, aka ce Shuping. Daga ranar ta zama Pingping.

Maganar makaranta ce ta tsaya musu a wuya. Malama An ta ɗauko 'yarta tun daga can ne don ta zauna cikin yaran ƙasar da aka haife ta, ta ji harshensu. Amma shugabar firamaren unguwa ta ce yaron da ba ya jin magana daga aji ɗaya yake farawa, ko da gemu gare shi. Aji ɗaya kuwa 'yan shekara shida ne, masu majina, a kan kujerun da gwiwar Pingping ba za ta shiga ƙarƙashin teburinsu ba. Yarinyar ta rantse ba za ta zauna da su ba. Uwar ta ce in haka ne, sai ta ajiye aikin su koma Holan kafin sanyi ya shigo.

Shugabar, Tu Hongying, 'yar Tsoho Tu ce, direban da Kaka Kuang ta yi shekara goma sha huɗu suna aiki mota ɗaya. Ta san ta tun tana fitsarin kwance. Ba wanda ya aiki Kaka Kuang. Ta ɗauki laimarta ta nufi ofis.

"Hongying, ba ni sati bakwai."

"Gwaggo, doka ce, ba ni na..."

"Na ce miki ba doka ba ce? Sati bakwai na ce. Ranar ashirin da takwas ga Agusta zan kawo miki ita, ki yi mata duk tambayar da kika ga dama. In ta amsa, ki sa ta da sa'o'inta a aji huɗu. In ba ta amsa ba, ki sa ta da masu majinar, ni kuma ki daina gaishe ni a hanya."

Ta dawo ta hau hawa na huɗu tana haki, ta gaya wa Malama An abin da aka yanke.

Washegari uwar ta sauko da littattafai masu hotuna da ta sayo a can. Kaka Kuang ta buɗe ɗaya ta karanta da ƙarfi: "Alƙalami yana kan tebur. Kyanwa tana ƙarƙashin kujera." Ta rufe.

"Shekara sittin da shida ba wanda ya taɓa tambayata inda kyanwa take," in ji ta, ta sa littafin ta tokare ƙafar fankarta mai rawa.

Makarantarta bas ce da kasuwa. Ƙarfe bakwai na safe suke hawa lamba tara, su je ƙarshen layi su dawo. Sai Pingping ta kira sunan kowace tasha kafin muryar na'ura ta kira, in ta makara a sake. Ita ke ce wa tsoho, "Kaka, ga wuri, zauna," ita ke ce wa masu tare ƙofa, "A matsa ciki!" A kasuwa Kaka Kuang kan tsaya a bayanta da kwando, yarinyar ta yi ciniki. In ta nuna abu da yatsa, sai ta ji an doke mata hannu.

"Yatsa na bebe ne. Buɗe baki."

Ta kuma kafa wa 'yan kasuwa doka cewa ba mai yin yaren gari a gaban yarinyar. Suka bi, don sun san bakinta.

Pingping ba daƙiƙiya ba ce, amma Kaka Kuang ba ta taɓa ganin yaro mai cin rai irinta ba. Kalmar da ta fara riƙewa ita ce "don me". Sha ruwan zafi, bar na sanyi. Don me? Kada ki kafa tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa. Don me? Ki ce wa mai gadi Kawu. Don me, ai ba ɗan'uwan uwata ba ne? Ga ta da faɗin gaskiya inda ba a neme ta ba. Wata rana Kaka Kuang ta yi awa huɗu tana dafa miyar ƙashi a tukunyar ƙasa, ta zuba mata don ta koya mata kalmar daɗi. Pingping ta ɗanɗana, ta yi tunani, ta haɗa cikakkiyar jimlarta ta farko.

"Ba daɗi. Gishiri ya yi yawa."

Babu kuskure ko ɗaya a jimlar, abin da ya fi ba Kaka Kuang haushi ke nan.

Sai kuma mutanen bas, waɗanda ba sa ganin abu su yi shiru. Wannan ya ce kurma ce, waccan ta ce ko 'yar Koriya ce. Wani mai tumbi ya ce 'yar Sin ba ta jin Sinanci, wannan abin kunya da me ya yi kama.

"Kai da kake ji, me ka tsinana da shi?" in ji Kaka Kuang. "Shekara hamsin kana jin Sinanci, ga ka nan tsaye a kan ƙafar mutane. Matsa ciki!"

Mutumin ya matsa. Har direba sai da ya gyara zama.

A sati na shida abin ya kama. Pingping ta fara amsa magana ba sai an maimaita ba. Ranar wata Laraba suka tsaya wurin Matar Lai mai awara, wadda suka yi shekara ashirin suna ciniki suna tsokanar juna da Kaka Kuang.

"Gwaggo Lai, a ba ni yanka biyu," in ji Pingping. "Ba wannan ba, na jiya ne, ya yi tsami. Na ƙasan."

Matar Lai ta saki wuƙa tana dariya. "Yaya Kuang, kin ji ta? Yarinyar da kwanan nan ko ruwa ba ta iya roƙa ba! Jikar nan taki akwai kai."

A makonnin farko, in an yabi yarinyar, Kaka Kuang kan ce, "Ƙwarai kuwa, 'yar Malama An ce, mai hankali," yadda ake yi wa ɗan baƙo. Amma ranar jikarki aka ce mata, ita kuma ba ta gyara ba. Daɗi ya cika mata ƙirji, ya fito ta hanyar da ya saba fitowa.

"Wa? Wannan? Ai kan katako ce. A faɗa mata abu sau goma, ya shiga ta nan ya fita ta can. Ga ƙiwa, ga tsirfar abinci, ga musu. Ba ta da wani amfani sai cinye shinkafa. Ina ma laifin jikanki."

"Nawa? Wancan malalacin? Barci kawai ya iya!" in ji Matar Lai, wadda duk kasuwa ta san jikanta ne ke zuwa na ɗaya a ajinsu.

Suka rabu kowacce ranta fes, har da gyaran yanka ɗaya. Da yake ita ta hana yaren gari, da Mandarin ɗinta na rediyo Kaka Kuang ta faɗi maganar, tsaf, kowace kalma a tsaye.

Pingping ta ɗauki awarar har gida, ta ajiye a tebur, ta zauna bakin taga. Daga nan ba ta sake cewa uffan ba. Kullum da safe takan sauko, don uwarta na zuwa kwaleji, ta zauna a wurin nan har la'asar. In ma sun hau bas, na'ura ce ke kiran tasha ita kaɗai.

Da farko Kaka Kuang ta ɗauka zafi ne ya buge ta. Ta dama mata kunun koren wake. Ta ɗauko cokalin tangaran da ɗan mai za ta kankare mata bayan wuya don zafin ya fita, yarinyar ta tsere sama. Sai ta ce ko kewar gida ce. Sai ta fusata.

"Saura kwana tara, kin ji ko? Ni na je na jinginar da mutuncina a gaban Shugabar da na goya, ke kin zauna nan kamar buhun gero. Yi magana! Ko zagina ne ki yi, in dai da Mandarin ne!"

Pingping ta ci gaba da kallon waje ta taga.

A rana ta biyar Malama An ta sauko da kanta, ta same ta tana yanka kabeji.

"Inna, me kika gaya wa mai awara?"

"Me kuwa na gaya mata? Awara muka saya."

Malama An ta ciro wata takarda. Yarinyar ta rubuta komai da haruffan Turawa, ba ta bar ko ɗaya ba. Uwar ta karanta: kan katako, ƙiwa, tsirfa, musu, ba amfani.

Kaka Kuang ta ajiye wuƙa. "Duk ta ji? Har tsirfa? Ban ma taɓa koya mata wannan ba!"

"Ba abin murna ba ne, Inna."

"To mene ne? Matar Lai ce ta yabe ta. So kike in ce eh, haka ne, tawa ta fi ta kowa? A tsakiyar kasuwa? A ce Kuang ta tsufa ta zare? Ɗan wani ake yabo. Naka kuwa sai ka kushe shi, mutane su yaba maka. Ku a garinku yaya kuke yi?"

"Mukan ce mun gode, ta yi ƙoƙari."

"Da bakinku? Yaron yana tsaye?" Kaka Kuang ta girgiza kai. "Shi ya sa take tsare babba da don me."

Malama An ta ninke takardar. "A bakin kasuwa aka ajiye ta, Inna, cikin kwalin lemo, tana da kwana uku. Ta sani. Tun tana 'yar shekara biyar take tambayata mene ne aibunta da aka ajiye ta. Ban taɓa samun amsar da ta yarda da ita ba. Yanzu ke kin ba ta ɗaya, a kasuwa."

Kaka Kuang ta koma kan kabejin ta yi ta sara har ya wuce yadda ake so. Sai da matar ta kai ƙofa ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Ba zan ƙara ba. Ki gaya mata."

"Ke za ki gaya mata."

Nan kuma aka sami wata matsalar. Babba ba ya ba yaro haƙuri da baki. Uwar Kaka Kuang ba ta taɓa yi ba, ita ma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ta sayo tuffa mafi girma a kasuwa, ta fere, ta yayyanka, ta soka tsinke, ta ajiye gaban yarinyar ta koma kicin. Duk yaron garin nan ya san abin da wannan ke nufi. Pingping ta ture farantin. Washegari cinyar kaza, ita ma haka. Kaka Kuang ta cinye kazar a tsaye tana mita, wai ita da ta iya da fasinjan da ya sha giya, yau 'yar ƙaramar yarinya ta gagare ta.

Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta kira ɗanta a waya, ta ƙara murya, ta ajiye wayar a tebur.

"Lixin, gaya wa yarinyar nan abin da nake ce maka kana ƙarami."

"Mama, ina cikin taro."

"Taron gudu zai yi? Faɗa mata."

Aka ji ya ja numfashi, aka ji ƙarar ƙofa. "Kan katako," in ji shi. "Sakarai. Ranar da na zo na ɗaya a jarrabawar gari, kika gaya wa maƙwabta wai malamai ne suka yi kuskuren haɗa maki."

"To, kin ji ko?" Kaka Kuang ta ce wa Pingping. "Ga shi nan injiniya. Lalacewa ya yi?"

"Na yi kuka ranar, Mama. A bayan ɗakin gawayi."

"Wa ya tambaye ka wannan?" Ta kashe wayar.

Takardar jarrabawar nan tana ƙasan akwatinta cikin leda shekara ashirin da biyu. Bai taɓa faɗo mata a rai cewa shi bai sani ba. Pingping ta ɗago ta dube ta, karo na farko tun ranar Laraba, amma ba ta yi magana ba.

Ranar ashirin da takwas suka tafi su uku. Shugaba Tu ta ce uwar ta jira a waje don kada ta fassara. Kaka Kuang ba a ce ta shigo ba, ta shiga ta zauna. Akwai wata malama a gefe tana zuba ruwan zafi a kofuna.

"Yaya sunanki, 'yan mata?" in ji Shugaba Tu.

Pingping ta kafa wa tebur ido.

"Shekarunki nawa? A wane gida kike? Me kika ci da safe?"

Fanka kaɗai ke ƙara. Shugaba Tu ta jira iya jira, sannan ta jawo rajista ta buɗe alƙalami.

"Gwaggo, kin dai gani da idonki."

Abin da ya zo bakin Kaka Kuang shi ne abin da ya saba zuwa, har ta buɗe baki ta tuna alkawari. Ta haɗiye. Ta dubi bakin alƙalamin yana sauka a shafin aji ɗaya. Abu ɗaya ya rage da ba ta gwada ba.

"Hongying, ajiye alƙalamin nan. Yarinyar nan..." Ta yi gyaran murya kamar ƙayar kifi ta maƙale mata. "Yarinyar nan mai basira ce."

Da yake ba ta taɓa yi ba, ba ta san inda ake tsayawa ba. Abin ya ƙwace mata kamar keke marar birki a gangara.

"Tunda nake ban ga kai irin nata ba. Sau ɗaya ake faɗa mata abu. Kullum da safe ita ke karanta mini jarida. Ga ladabi, ba ta taɓa musu da babba ba. Duk abin da aka ba ta ci take yi ta ce da daɗi. Ta fi ɗana, ta fi jikan Matar Lai. Ke kanki kina shekarunta ba ki kama ƙafarta ba!"

Shugaba Tu ta saki baki. Malamar nan ta zuba ruwa har ya malale a tire. Zufa ta karyo wa Kaka Kuang, kunnuwanta suka yi ja.

"Ƙarya ce."

Muryar ta fito da ƙarfin da za a ji ta a kujerar bayan bas. Pingping ta miƙe tsaye.

"Ƙarya take yi, Shugaba. Ban iya karanta jarida ba. Harafi arba'in na sani, rabinsu sunan tasha ne. Ina musu kuma, kullum. Abincinta wani da daɗi, wani gishiri. A kasuwa ta ce ni kan katako ce, a nan ta ce na fi kowa. Wancan ƙarya, wannan ƙarya." Ta juyo. "Don me ba za ki faɗi gaskiya ba ko sau ɗaya, Kaka? Don me?"

"Rufe mini baki! A gaban Shugaba kike ƙaryata ni?"

"Sati bakwai kina cewa in buɗe!"

Shugaba Tu ta kama tari, ta rufe fuska da rajista har tarin ya lafa. "Bar ta, Gwaggo. To ke, 'yan mata, mece ce gaskiyar?"

"Ina ji. Ina magana. Ban iya rubutu ba. Ba zan zauna da jarirai ba."

Minti goma sha biyar suka yi suna magana. Shugaba Tu ta tambaye ta yadda ake zuwa bakin kogi daga tashar jirgi, ta lissafa mata tasha goma sha bakwai a jere, ta ƙara da cewa direban safe yana tuƙi kamar mai ɗauke da aladu. Ta tambaye ta yadda ake gane awarar jiya, ta faɗa. Ta ba ta alli ta ce ta rubuta sunanta a allo, nan abin ya tsaya.

"Aji uku," in ji Shugaba Tu.

"Huɗu aka ce," in ji Pingping da Kaka Kuang a tare.

"'Yan aji huɗu sun san harafi dubu biyu, ita arba'in. Uku. Bayan hutun sabuwar shekara in sake dubawa."

Pingping ta ce sai ta ga kujerun. Aka kai ta ajin, ta zauna a ɗaya, ta tura gwiwarta ƙarƙashin tebur, ta shiga. Ta gwada ta biyu don ta tabbatar.

"To," in ji ta.

Malama An da aka gaya mata sai ta zauna a kan matakalar makaranta ta rufe fuska da hannu. Kaka Kuang ta ce mata ta tashi, ƙasa da datti, mutane kuma na kallo. A bakin ƙofa Shugaba Tu ta matso ta rage murya.

"Gwaggo, da gaske ban kama ƙafarta ba?"

"Ke ma rufe mini baki."

Malamar mai zuba ruwa ashe 'yar ƙanwar Matar Lai ce. Kafin azahar duk kasuwa ta ji cewa Kuang Yuelan ta zauna a ofishin makaranta ta yabi tata da bakinta, har ta kama sunan jikan wata, yarinyar kuma ta ƙaryata ta. Sati biyu Kaka Kuang ta yi tana zuwa wata kasuwa mai nisan tasha uku, tana cin awarar da ba ta kai ta Matar Lai ba.

Amma a ranar, a hanyar komawa gida, ba ta san wannan ba tukuna. Tana gaba da laimarta, Pingping na biye da ita.

"Kaka, ba ki amsa ba."

"Me kuma?"

"Gaskiyar."

Kaka Kuang ta ci gaba da tafiya. Sai da suka zo gaban kantin littattafai ta tsaya ta rufe laima.

"Kunnenki yana da kyau. Kanki yana da tauri. Rubutunki kamar tonon kaza. Ban san wata ba bayan wannan."

Pingping ta auna maganar. "Wannan na yarda."

"Ban nemi yardarki ba. Shiga ki ce a ba ki littafin koyon rubutu mai gida-gida, guda goma."

"Goma? Na shekara?"

"Na wata ɗaya."